Wai amana tana da addini? Cacar bakin da ta tashi a zauren Adarawan Yamai

Mai Albasa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi mini haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cina. Bara da aka kwashe albasar rani na ɗora buhu 120 daga Galmi zuwa Kumashi. Wani ɗan garinmu ya amshi kayan bisa yarda, ba takarda ba shaida, don mutum ne da ba ya rasa sahun gaba, goshinshi har da baƙin tabo. Ya saida, ya lamushe. Yau in na kira shi waya ta yi ta ruri har ta gaji, in na aika saƙo in ga alamun nan biyu sun yi shuɗi, shiru kake ji. To ku ji ɗaya gefen. Direban da ya ɗauki kayan mutumin Gana ne, arne, ba masallaci ba coci, wasu tarkace ne rataye gaban motarshi, kafin ya tada ita sai ya tsiyaya giya a ƙasa yana ƴan maganganu. Yarona ya sauka nan Yamai ya mance jakar kuɗin hanya bayan kujera, jikka 400 na sefa da ɗoriya. Mutumin nan har ya fita gari ya gan ta. Ya juyo da tirela cike da kaya, ya dawo tasha yana cigiyar yaron. Dala ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Ni dai na gama yanke hukunci: gaskiya da amana ba su da addini, ba su da ƙabila. Doka ɗaya ce Allah Ya dasa wa kowane ɗan Adam a ƙirji, daga Tawa har birnin Sin. Mai cin amana zai ci ko ya haddace izu sittin. Mai ja ya fito.

Ɗan Labizan: Innalillahi. Allah Shi mayar maka da alheri, Alhaji. Amma ka faɗi sunanshi mana, kar gobe wani ya sake faɗawa ramin.

Admin: Dokar zaure ta 3: ba a kiran sunan kowa. A kiyaye.

Ɗan Masalata: Alhaji, da girmanka da komi. Mutum ya juyo da tirela ya maido maka kuɗɗinka, tukuicin da zai samu shi ne ka kira shi arne gaban jama'a? Wanda yac ci kuɗɗin ka sakaya shi, ka ce "wani ɗan garinmu". Wanda yar riƙe amana shi anka zaga.

Mai Albasa: Kai yaro, yabonshi fa nake yi.

Ɗan Masalata: Yabo da zagi cikinshi. Ni kakannina Azna ne, ban ɓoye ba, kuma har gobe ana arwa, duban shekara na gargajiya, a Masalata, ga ta nan kusa da Ƙwanni. Kakana bai sa goshi ƙasa ba sai da ya tsuhwa, amma rumbunshi a bakin gona yake, ba kwaɗo ba mai gadi, kuma ba mai taɓa damen wani. In anka ce mutum shi rantse da aradu jikinshi rawa yake. Yanzu hwa? A dahwa Alƙur'ani da sahe, a tahi a ci tuwo da rana.

Abu Sumayya: Subhanallah. Yanzu a zauren musulmi ake tallar rantsuwa da aradu? Ɗan uwa, wannan shirka ce, ka yi istigfari. Kuma kalmar ba zagi ba ce, bayanin matsayi ne. Wanda ke zuba wa ƙasa giya me kake so a kira shi, liman?

Na Galmi: Mu ma haka kuke kiranmu in mun ba da baya. Ni Kirista ne, Ba'adare, ubana Ba'adare. Asibitin Galmi tun 1950 yake aiki. Ku da ke kai matanku haihuwa can, an taɓa tsayar da ku a ƙofa a ce sai kun faɗi addininku?

Abu Sumayya: Ku Ahlul Kitabi ne, hukuncinku daban.

Na Galmi: Na gode da ƙarin girma.

Ɗan Labizan: Hhhhh. Ni da na yi zaman Abijan, mai gidan da na fara haya wajenshi ɗan ƙabilar Baule ne. In kuɗin ɗaki suka makara ba ya ko ɗaga murya. Na koma gidan wani namu, a wata na biyu na tarar da katifata a waje.

Ɗan Masalata: To ka ji. Amma shi ma Baulen arne za a ce.

Mai Albasa: Jama'a na janye kalmar, a koma kan maganata.

Abu Sumayya: Ba a janye gaskiya don wani ya ji haushi, Alhaji.

Malam Na Wadata: [saƙon murya, minti 9]

Inna Hajiya: Allah gafarta Malam, a rubuta mana. Megata ta intanet ta ƙare.

Malam Na Wadata: To Hajiya. A taƙaice na ce Alhaji bai gano sabon abu ba. Aya ta 75 a suratu Ali Imrana ta faɗa: a cikin Ma'abota Littafi akwai wanda in ka ba shi ajiyar dukiya mai yawa zai mayar maka, akwai wanda ko dinari ɗaya ka ba shi ba zai mayar ba sai ka tsaya a kansa. Shi kuma ɗan garin naku, hadisi ya lissafa alamun munafuki uku: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ci amana. Laifinsa ne, ba laifin salla ba. Inda Alhaji ya zame shi ne da ya ce amana ba ta da addini. Wa ya gaya maka amana abu ne mai kyau in ba addini ba?

Ɗan Masalata: Direban ba Ma'abocin Littahi ba ne, Malam. Wa yag gaya mishi?

Mushe Filo: Jama'a, kun bar jaki kuna dukan taiki. Tambayar da Malam ya rufe da ita ita ce gindin maganar, kuma ita muke ba ƴan tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, su yi ta gumi a kanta kafin jarrabawar bak. Sukurat, masanin falsafar Girka, ya yi ta a Atina fiye da shekara 2000 da suka wuce: abu yana zama mai kyau ne don an yi umurni da shi, ko an yi umurni da shi ne don dama mai kyau ne? In ka ɗauki ta farko, to da an umurce mu da cin amana, da cin amana ya zama alheri. In ka ɗauki ta biyu, to direban Gana yana iya gane ta da hankalinsa ko bai taɓa jin wa'azi ba.

Malam Na Wadata: Mushe, ba sai mun yi guzuri zuwa Atina ba. Malamanmu sun yi wannan kokawa a Basra da Bagadaza. Mu'utazilawa suka ce hankali shi kaɗai yana gane kyakkyawa da mummuna, har mutum ya cancanci lada ko azaba tun manzo bai zo masa ba. Imam Ash'ari, wanda ya daɗe a cikinsu kafin ya bar su, ya ce a'a: kyakkyawa shi ne abin da shari'a ta yaba, mummuna abin da ta hana. Aya ta 15 a suratul Isra'i ta ce ba a azabtarwa sai an aiko manzo. Kuma in hankali za a bi, hankalin wa? Larabawan jahiliyya da hankalinsu suke binne ƴaƴa mata da rai, suna ganin kare mutunci ne. A kan wannan aƙida aka karantar da mu, a kanta Shehu Usmanu yake.

Abu Sumayya: Gyara kaɗan, Malam. Wannan maganar ma'abota ilimin kalam ce. Ibn Taimiyya ya bi tsakiya: hankali da fiɗira suna gane cewa zalunci mummuna ne, gaskiya kyakkyawa ce, amma azaba ba ta sauka sai hujja ta isa ga mutum. Suratus Shamsi ta ce Allah Ya kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa. Kuma ga Hilful Fudul. Wani fatake daga Yaman ya kawo haja Makka, wani babban Baƙuraishe, Asi bin Wa'il, ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Mutumin ya hau dutse yana kai kuka. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har haƙƙinsa ya fito, kuma suka ƙwato masa. Annabi (S.A.W.) ya halarta yana saurayi, wahayi bai fara sauka ba, daga baya ya yabi wannan alkawari, ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci zai amsa. Masu bautar gumaka ne fa suka ƙulla shi.

Mai Albasa: Allahu akbar! Wannan fataken ai ni ne.

Mushe Filo: Abu Sumayya, ka yarda da Alhaji ke nan.

Abu Sumayya: Ban yarda ba. Na ce yana iya ganewa, ban ce yana da lada a lahira ba.

Ɗan Faila: Tsaya tukuna. Wa ya ba yaron da ya yi karatunsa a YouTube izinin ya ce wa Malam "gyara kaɗan"? Malam yana ba da karatu tun ba a yi maka aski ba. Rashin ladabi shi ne farkon abin da ake koya muku.

Abu Sumayya: Hujja nake kawowa, ba shekaru ba. Ku da in shehi ya ce ku runtse ido sai ku runtse.

Ɗan Faila: Ku kuma da kuka raba mana masallacin unguwa gida biyu saboda lasifika. Kowa ya san abin da ya faru da azumin bara.

Abu Sumayya: Lasifikar da kuɗin jama'a aka saye ta, ba don a kwana ana waƙe da ita ba.

Ɗan Faila: Zikiri ne waƙa? Maimaita, in ka isa.

Admin: Dokar zaure ta 5: ba Izala ba ɗariƙa a nan.

Mushe Filo: Bari in gwada wata hanya da ba ta taɓa masallacin kowa. Wani Bajamushe, Kant, ya kawo ma'auni a 1785. Ya ce kafin ka yi abu, tambayi kanka: zan yarda ƙa'idar da nake bi ta zama dokar kowa da kowa? Ɗan garin Alhaji ƙa'idarsa ita ce, in karɓi kaya bisa yarda in hana kuɗi. A mayar da ita dokar kowa, gobe ba wanda zai sake ba wani buhu ɗaya bashi, shi kansa ba zai sami abin cinyewa ba. Ƙa'idar ta kashe kanta. Ba ka bukatar ka san addinin mutum kafin ka yi wannan lissafi. Kuma ku duba yadda magana ɗaya ke fitowa a wurare masu nisa da juna: hadisi ya ce imanin ɗayanku ba ya cika sai ya so wa ɗan uwansa abin da yake so wa kansa, Linjila ta ce ku yi wa mutane abin da kuke so su yi muku, Konfushiyas a Sin ya ce abin da ba ka so a yi maka kar ka yi wa wani.

Na Galmi: Matiyu 7:12. Na gode Mushe.

Abu Sumayya: Hadisin "ɗan uwansa" ya ce.

Ɗan Masalata: Ga shi nan kuma. Watau direban ba ɗan uwa ba ne.

Inna Hajiya: Mushe ɗana, ni ban yi lakkol ba, jikata ke rubuta mini. Ka ce doka ɗaya ga kowa kullum. To wani dare wata ɗiya maƙwabciyata ta faɗo gidana ba ko ɗankwali, leɓe a fashe, mijin na biye da ita da taɓarya. Na tura ta ƙarƙashin gado, na ja tabarma bakin ƙofa na zauna ina tsinkar zogale, hannuna na rawa. Ya iso yana haki ya ce, Inna ta shigo nan? Na ce ban ga kowa ba, na dai ji gudu ya yi wajen kwalta. Ya bi can. To Bajamushen naka cewa zai yi in ɗaga mishi zanen gado?

Mushe Filo: Inna, kusan haka ya ce. A 1797 ya rubuta cewa ko mai kisa ne ya zo ƙofarka yana tambayar abokinka da ya ɓuya a ciki, ba ka da ikon yi masa ƙarya. Ɗalibansa da yawa ba su bi shi a nan ba.

Inna Hajiya: To Allah Ya sa ba maƙwabcina ba ne.

Malam Na Wadata: Ka ga inda hankali tsagwaronsa ke kai mutum. Shari'a ta yi rangwame a yaƙi, da sulhunta mutane, da tsakanin miji da mata, kuma malamai sun ce ɓoye wanda ake nema a zalunta wajibi ne ko da sai an faɗi abin da ba haka ba. Hajiya lada ta samu.

Mushe Filo: Amma Inna ba ta buɗe littafi ba kafin ta ja tabarmar, Malam.

Zancen Ƙasa: Ina ta karatu ina haƙuri, amma abin ya ishe ni. Mushe, a 2000 da wani abu, a Yamai, har yanzu Kant kake kawo mana? Mutumin da ya rubuta maganganun raini a kan baƙar fata? Duk wannan "dokar kowa da kowa" rigar Turawa ce da suke sa mana in suna son wani abu. Faransa ta rubuta a 1789 cewa ana haihuwar mutane da ƴanci kuma daidai suke. Ta soke bauta a 1794, Napoliyon ya maido ta a 1802, sai 1848 aka sake sokewa. A 1899 Voulet da Chanoine, hafsoshin sojan Faransa, suka biyo ta ƙasarmu suna ƙone garuruwa, suka yaƙi Sarauniya a Lugu, suka mai da Birnin Ƙwanni toka. Aikin tilas sai 1946 aka hana shi. Sannan a 1948 aka zauna a Paris aka rubuta haƙƙin ɗan Adam "na duniya duka". Ƙasa 48 suka amince, 8 suka ƙi jefa ƙuri'a, ciki har da Saudiyya. Nijar ba ta wurin, muna ƙarƙashin kumandan. Wa ya tambayi kakana? Kowace al'umma da nata ma'auni. Namu ya ishe mu.

Ɗan Labizan: Wuta! Ka faɗi gaskiya ƙanena.

Mai Albasa: Ni ban kawo maganar Faransa ba fa. Direban baƙi ne kamar ni.

Ƴar Ƙwanni: Yaya Zancen Ƙasa, garinmu ne aka ƙona, ba sai an ba ni labari ba. Amma da wace doka kake tuhumar Voulet? In kowace al'umma da nata ma'auni, sai ya ce maka a nashi ma'aunin daidai ya yi, ka rasa abin cewa. Da ka ce ƙone gari da mutane a ciki mugunta ce, ka riga ka ɗauko dokar da ta hau kan Bafaranshe da Ba'adare gaba ɗaya. Ba ka iya riƙe ta da safe don ka doki Faransa, da yamma ka jefar.

Ga namu ma'aunin kuwa, tunda ya ishe mu. Hadijatou Mani, a nan jiharmu ta Tawa. A 1996, tana shekara 12, aka sayar da ita jikka 240 ga wani mai mata huɗu, ta zama wahaya, wadda ake ce wa mace ta biyar. Ba sadaki, ba ɗaurin aure, ga aikin gida da gona, ga duka, ga haihuwa. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci amma ya ce ba ta tafiya ko'ina, matarshi ce. Da ta auri wanda take so, kotu a Ƙwanni ta yanke mata wata 6 wai ta yi aure bisa aure. Da me aka kare mutumin? Da al'ada. Sai ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta nan Yamai, ta ce bauta ce, ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. To Yaya, ka je ka gaya wa yarinya ƴar shekara 12 cewa namu ya ishe mu. Kuma ba Bature ne ya fara gaya mata ana zaluntarta ba, da ƙafarta ta sha gudu daga gidan.

Zancen Ƙasa: CEDEAO? Ƙungiyar da ta rufe mana iyakoki a 2023, aka yanke mana wuta, magani ya yi wuya? Ita za ta koya mana tausayi? Mun fita, kuma mun fita ke nan.

Ƴar Ƙwanni: Na kawo maka yarinya, ka ɗauki sunan kotu. Dokar da ta mai da bauta babban laifi, ɗaurin shekara 10 zuwa 30, majalisar Nijar ce ta yi ta a 2003. Timidria, ƙungiyar yaƙi da bauta, ƴan ƙasar nan ne suka kafa ta a 1991. Su ma Turawa ne?

Zancen Ƙasa: Wa ke ba su kuɗi? Ki bincika.

Ƴar Ƙwanni: Kai da ka bincika kawo mana.

Zancen Ƙasa: Kowa ya sani.

Baban Yara: Wai ke ɗiyar wa ce a Ƙwanni? Don masu zafi a kan maganar nan yawanci akwai dalili.

Ƴar Ƙwanni: Baba, fito fili ka tambaya. Kana son sanin ko kakata saye aka yi.

Baban Yara: [Admin ya goge wannan saƙo]

Inna Hajiya: Kai Baban Yara, ji kunya. Da furfurarka.

Malam Na Wadata: Ɗiyata, kar a jingina wannan ga shari'a. Abin da aka yi wa yarinyar haramun ne. Ɗa, wato wanda ba bawa ba, ba ya sayuwa, kuma hadisi ya sa mai sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum ukun da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Tun ƙarni na 17 Ahmad Baba na Tumbutu ya ba da fatawa cewa mutanen ƙasashen da suka musulunta, irin Kano da Katsina da Borno, ba ya halatta a bautar da su. Kin ga muna da maganin a gida.

Ɗan Masalata: Allah gafarta Malam, waɗanda sunka musulunta kac ce. Waɗanda ba su musulunta ba hwa? Kakannina ke nan. Su halal ne a kai su kasuwa?

Na Galmi: Ina jiran amsar nan ni ma.

Mushe Filo: Ni ma.

Malam Na Wadata: Wannan babi ne mai tsawo, yana da sharuɗɗa, ba a yin sa a salula. An kira la'asar.

Ɗan Faila: Ku bar matsa wa Malam. Tambayar tarko ce.

Abu Sumayya: Yau dai na yarda da kai.

Ɗan Labizan: Ikon Allah, Izala da Faila sun sha shayi a kofi ɗaya. To tunda kowa na faɗin gaskiya yau, ni ma bari in faɗi tawa. Admin, doka ta 3 da ka yi saurin jawowa, ba don mutumin Kumashin surukinka ba ne? Wata uku da suka wuce a nan aka kira sunan wani yaro da ya gudu da kabu-kabun mutane, har da hotonshi, ba ka ce uffan ba.

Admin: Ɗan Labizan, ka kiyayi bakinka. Ban san wanda Alhaji ke nufi ba.

Mai Albasa: Ka sani mana, Yaya. A gabanka na kira shi ya ƙi ɗauka, ka ce in ba shi lokaci.

Admin: Wannan maganar cikin gida ce.

Ɗan Labizan: Kuɗin asusun zaure da aka tara don kai gawa gida, shi ma na cikin gida ne? Tun bayan babbar salla muke jiran lissafi.

Baban Yara: Kai da ba ka zuba ba tun da ka dawo, kai ke neman lissafi?

Ɗan Labizan: Ina da rasit na wata huɗu. In turo?

Baban Yara: Na wata huɗu cikin wata goma sha ɗaya.

Admin: Ya isa haka. Ga taƙaitawar muhawarar yau, don waɗanda ba su bi ba.

Na ɗaya, Alhaji Mai Albasa ya kawo kuka kan wata ƴar rashin fahimta ta kasuwanci tsakaninsa da wani ɗan uwa. Ba mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, kuma kowa ya san albasa tana ruɓewa a hanya, farashi yana faɗuwa. Dattawa za su duba.

Na biyu, Malam Na Wadata ya warware mas'alar da hujjoji daga Alƙur'ani da hadisi, ya tabbatar cewa ba a sanin kyakkyawa da mummuna sai ta hanyar shari'a, kuma ba wanda ya iya kawo abin da ya ture wannan. Mushe da bakinsa ya amsa cewa malamin falsafarsa ya ɓata, Hajiya ce ma ta kayar da shi.

Na uku, an yi ittifaƙi cewa dokokin da ake ce wa na duniya duka na Turawa ne, kamar yadda ƙanenmu Zancen Ƙasa ya nuna da shekaru da alƙaluma.

Na huɗu, wasu sun shigo da tsoffin maganganu masu raba kan Adarawa. Muna jan kunnen matasa, musamman mata, su riƙa sanin da wa suke magana.

Direban Gana kuwa, muna roƙa masa shiriya.

Ƴar Ƙwanni: Kawu, a ina aka yi ittifaƙin nan? Ina wurin ban gani ba.

Mushe Filo: Abu ɗaya na ce Kant ya yi kuskure a kai. Hilful Fudul fa, ya ɓace a hanya?

Abu Sumayya: Ko sunana ba a ambata ba, alhali ni na kawo hujja mafi ƙarfi.

Na Galmi: Tambayar Ɗan Masalata tana nan. La'asar ta wuce, magariba ma ta wuce.

*Ɗan Masalata ya fita daga zauren.*

*Admin ya canza saiti: admin kaɗai ke iya tura saƙo.*

Admin: Za a buɗe zaure in hankula sun kwanta. Tunatarwa: kuɗin asusu na wannan wata jikka 2 ne, a kawo shagona a Katako kafin Juma'a.